Bindigar da Don Ovidio Ya Zaɓa

A garin Gualán kowa ya san Don Ovidio Aldana gwanin harbi ne. Yadda aka yi aka sani, wannan kuma wata magana ce daban, don babu mai rai da ya taɓa ganin ya harbi ko gwangwanin madara. Amma mutum ne mai garken shanu, mai gashin baki kamar tsintsiya, kuma shekara talatin da biyar tsohuwar bindigar hannu, libarbar da ya gada wurin ubansa, ba ta bar ƙugunsa ba sai in zai shiga wanka. Mu nan gabas ba ma neman shaidar da ta wuce wannan.

'Yarsa Dinora kuwa an ga harbinta, har an gaji da gani. Tana da shekara goma sha tara ta fara zuwa filin harbin da ke kan hanyar Río Hondo, inda mutum zai yi ta gudu tsakanin shingaye yana harbin kwali da farantan ƙarfe, agogo yana ƙirga masa lokaci. Ranar da ta ci kofinta na farko ta shigo da shi gida ana tsakiyar cin abincin rana, ga baƙi cike da tebur. Don Ovidio ya karɓa, ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya ce, "Madalla. To shi kwalin ya rama kuwa?" Baƙi suka bushe da dariya, har wani ya ƙware da wake. Dinora ta karɓi abinta ta fita. Daga ranar ba ta sake kawo kofi gidan ba, kuma ba don ta daina ci ba. Ta koma birnin Zacapa ta kama aikin gwajin jini a wani asibiti. Takan leƙo ranar Lahadi ta gaida uwarta, ta ce wa ubanta "Ina wuni, Baba," ya ce "Lafiya lau," shi ke nan hira ta ƙare. Haka suka yi shekara goma sha biyu.

Abin yana cinsa a rai, ko da yake ko yanka shi za a yi ba zai faɗa ba. 'Ya'yansa maza biyu suna New Jersey suna yi wa mutane rufin gida, sai Kirsimeti ake jin muryarsu. Yarinyar nan ita kaɗai ta rage masa a kusa, kuma da bakinsa ya kore ta.

Wata Lahadi a farkon Mayu, an dawo daga coci, yana kwance a ragar lilo a baranda da malafa a kan fuska, sai ya ji an jawo kujera kusa da shi.

"Baba, Asabar ɗin ƙarshe ta Agusta akwai gasa a filinmu," in ji Dinora. "Ni ce babbar alƙaliya, karo na farko. Za a turo mutum daga babban birni ya duba aikina, in ya gamsu a tabbatar da ni."

"To, Allah ya taimaka."

"So nake ku zo ku yi harbi."

Ya ɗage malafar daga fuskarsa.

"Ba cewa na yi ku ci komai ba. Ku zo kawai, ku shiga layi kamar kowa, ku ga abin da nake yi da idonku. In ba za ku zo ba ku faɗa min yanzu, in daina sa rai."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya tsorata shi. Ya gane in ya yi wasa da wannan gayyatar, gaisuwar Lahadin ma tana iya tsayawa. Sai ya murza gashin baki ya ce ai shi ba ya tsoron kwali.

"Da wannan za ku zo?" Ta nuna ƙugunsa da haɓa. "Harsashi shida take ci. Akwai zangon da sai mutum ya harba talatin, kafin ku gama ɗuri an kwashe kujeru. Fistol za ku saya, mai gidan harsashi a cikin mariƙi, wadda bayan kowane harbi take ɗana kanta. Kuma ɗaya tak. Wadda za ku riƙa yawo da ita kullum, da ita za ku shiga gasa. Hannu ba ya haddace biyu, balle hannun mai shekara sittin da biyu."

"Sittin da ɗaya."

Daga kicin matarsa Doña Elvia ta ɗago murya. "Ɗayar ma ta yi yawa. Ka kawo min biyu gidan nan, tsoho, ka je ka kwana da su a garke."

Shagon Nery mai bindigogi yana bayan kasuwar Zacapa, da ƙofar ƙarfe biyu da fanka uku da ba abin da suke yi sai juya zafi. Nery ya auna hannun Don Ovidio da ido, ya shimfiɗa koren ƙyalle a kan kanta, ya kwantar da bindiga biyu.

Ta farko ƙarfe ce zalla, fara sol tana ɗaukar ido, doguwa, mariƙinta na jan katako mai zane, kana ɗauka ka san ka ɗauki abu. Tana da 'yar sakata a gefe daidai babban yatsa, wadda in ba ka danna ta ƙasa ba, ko ka ja kunama har jijiyar wuyanka ta fito ba abin da zai tashi. Ta biyu baƙa ce, gajera, rabin jikinta roba, ba sakata ba ado, mummuna kamar dutsen guga. Ba ta da nauyin kirki, kuma an yi ta ne don ta shige cikin wando riga ta rufe ta.

"Wannan," in ji Nery yana shafa farar, "a fili ba ta da na biyu. Nauyinta yana shanye zabura, bakinta ba ya tashi, harbi na biyu yana bin sawun na farko. Amma yawo da ita, Don, sai mai ƙashi." Ya koma kan baƙar. "Wannan kuwa har mantawa za ka yi tana jikinka. A gasa ma ba ta ba da kunya, sai dai tana ɗan tsalle a hannu."

"Kai wacce za ka ɗauka?"

"Ni ai duk wadda ka ɗauka ita ce daidai, Don."

Nan ruwan ido ya kama Don Ovidio, kuma bai sake shi ba har mako biyar. Mutumin da yakan dubi saniya sau ɗaya ya ce a sa ta a mota, ya koma duk Talata da Juma'a, da zarar ya sauke cuku a kasuwa, sai shagon Nery. Ya ɗauki farar ya jinjina, ya ajiye. Ya ɗauki baƙar ya ɓata fuska, amma ya ƙi ajiyewa da wuri, don shegiyar tana zama a tafin hannunsa kamar an auna. Nery har kujera ya ware masa da kofin gahawa nasa na kansa, masu shigowa sayen harsashi suna gaishe shi sun ɗauka shi ne mai shagon.

Ya kira Dinora a waya, wai don ya ji ra'ayin yara.

"Baƙar, Baba," ta ce, ko numfashi ba ta ja ba. "Kuna hawa doki, kuna shiga mota kuna fita sau ashirin a rana, ga zafin garin nan. Doka ta ce a rufe bindiga, baƙar tana rufuwa. Kuma ba ta da sakatar da za ku manta."

"Ni ne zan manta sakata?"

"Tabarau ma kuna nemansa yana kan goshinku."

Bai ji daɗin amsar ba, saboda haka ya tafi neman wata. Ya sami Adelso Salguero a bakin kara yana cin dafaffen rogo da soyayyen naman alade. Adelso dillalin shanu ne, ƙato, wanda ko raɗa ya yi sai an ji a tsallaken kogi, kuma shi ne kompadrensa, wato aminin da ya riƙe Dinora ranar da aka yi mata baftisma.

"Roba?" Adelso ya ajiye cokali. "Kompadre, roba ka ce? Irin ta bokiti? Uwar Yesu mai tsarki! Ubanka Don Gumercindo yana kwance a maƙabarta, kai kuma ka cusa bokiti a wando ka rufe da riga kamar wanda ya sato kaza?"

"Yarinyar ta ce ta fi sauƙin ɗauka."

"Yarinyata ce, ina sonta, amma a birni take zaune. Su can bindiga abin ɓoyewa ne. Ka ɗauki farar. Kuma ka ji ni da kyau, kada ka bari wani ƙazamin hannu ya riga ni taɓa ta."

Wannan ba sai an tuna wa Don Ovidio ba. Mu nan in namiji ya yi sabuwar bindiga, ba ta zama tasa ba sai kompadrensa ya riƙe ta. Zai zare ta, ya juya mariƙin ya miƙa, shi kuma ya jinjina nauyinta, ya auna sama da ido ɗaya, ya ce ta yi. Kuma in kompadre ya ce a gani, ba a ce masa anjima. Akwai gidajen da suka daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba.

A mako na huɗu Nery ya gaji da dafa gahawa, ya ja shi zuwa dogon ɗakin gwaji da ke bayan shago, ya ba shi irin kowacce ya harba. Don Ovidio ya sa aka rufe ƙofa. Ya ɗauki farar, ya gyara tsayuwa irin ta maza, ya ja kunama. Shiru. Ya ƙara ja da iyakar ƙarfinsa.

"Sakata, Don," in ji Nery a hankali, yana kallon silin.

"Na sani. Gwada ta nake."

Da ya danna ta, takwas cikin goma suka shiga kwali. Da baƙar bakwai suka shiga. Wato gwanin Gualán harbinsa ba laifi, irin na kowane tsoho mai ido biyu, kuma gwajin bai raba masa gardama ba. Ya dai sa Nery ya rantse da kabarin uwarsa cewa zancen sakata ba zai fita daga ɗakin ba.

Madubi ne ya yanke hukunci. Akwai wani dogo a jikin bangon shagon, na masu gwada kube. Don Ovidio ya cusa baƙar cikin wando, ya saki riga a kai, ya duba. Sai ya ga wani tsoho mai tumbi, irin malamin makarantar da ya yi ritaya zai je sayen burodi. Gabansa ya faɗi. Ya cire, ya ɗaura farar a kuben fata a waje, ya tura riga cikin wando, ya sake dubawa. Yauwa, ga Don Ovidio nan.

"Ka san dai ana so a rufe ta," in ji Nery.

"Za a rufe."

Kowa ya san irin rufinmu. Ana sakin gefen riga a kan mariƙin, iska ta ɗage shi, kuma ba wanda zai ce iska ta karya doka.

Da ya gaya wa Dinora a waya, sai ta ce, "To, Baba. Sai mu koyi sakata."

Takardun lasisin bindigar suka tafi babban birni suka yi zamansu, ba su dawo ba sai ana saura kwana takwas gasa. Adelso kuma a lokacin yana Petén sayen maruƙa, saboda haka farar ta yi mako guda a ƙugun mai ita ba wanda ya riƙe ta. Makon bai zo da sauƙi ba. Ranar farko ta ja masa wando har sai da ya huda sabon rami a bel. Rana ta biyu ya hau doki, mariƙin ya dinga sukarsa a haƙarƙari tun daga garke har bakin kogi. A mota sai ya karkace zai iya zama. Kafin Laraba ya fara ɗingishi, yana cewa takalmi ne.

"Takalmi a ƙugu," in ji Doña Elvia tana murza masa man zafi. "Ni shekara talatin da takwas ina gidan nan ban taɓa sa ka ɗingishi ba, ita kwana uku. Allah ya bar ku tare."

Sau biyu Dinora ta zo da yamma, suka je bayan garke ta jera masa kwali. Ta nuna masa yadda yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an auna, da yadda bakin bindiga ba ya juyowa baya ko da mutum faɗuwa zai yi. Ta ce a filin gasa kowa bindigarsa fanko take zama a kube, kuma ba a taɓa ta sam, sai a kan wani tebur mai rawayan fenti ko in alƙali ya ba da umarni. Wanda ya taɓa, an kore shi daga gasar ranar, ko waye.

"Ko ba harsashi a ciki?"

"Ko ba harsashi. Kuna jina, Baba?"

"Na ji, na ji. Ni za a koya wa riƙon bindiga? Ina riƙe da ita aka haife ki."

Gaskiya bai ji ba. Hankalinsa duk yana kan sakata, don ita ce ta kunyata shi a gaban Nery, kuma ya rantse ba za ta sake ba a gaban 'yarsa. Ya yi ta danna ta a baranda, a garke, a bayan gida, har babban yatsansa ya yi kanta. Amma yammacin nan biyu sun yi masa daɗi fiye da yadda zai iya faɗa. Yarinyar tana tsaye a bayansa tana cewa ya sassauta kafaɗa, kuma sau ɗaya har dariya ta yi.

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai rana ta fara gasa mutane. Ya isa fili da sabuwar riga fara, ya je inda ake sauke harsashi ya sauke kamar mutumin kirki, aka rubuta sunansa. Maharba sun fi talatin, daga Chiquimula, daga Jutiapa, har da wasu likitoci daga babban birni masu gajeren wando. Mai duba aikin wani siririn mutum ne, Injiniya Barrientos, da farin man kariyar rana a kan hanci da allon rubutu a hannu.

Dinora ta hau kan benci cikin jar riga ta alƙalai, ta karanta dokoki ɗaya bayan ɗaya. Maza talatin masu bindiga suka yi tsit suna saurare. Don Ovidio bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya ji ƙirjinsa ya cika, ya waiga ko akwai wanda bai san 'yar waye ba ya gaya masa.

An watse ke nan ana jiran kiran rukunin farko, Injiniya ya tafi can ƙarshen fili da awo a hannu yana duba nisan wani faranti, sai ga a-kori-kurar Adelso ta shigo, da kashin shanun Petén har a gilashi. Ya diro ya nufo rumfar da maharba ke jira, hannu a buɗe.

"Kompadre! Daga hanya nake, ko gida ban je ba. Ina amaryar? Kai, ji yadda take ƙyalli! Kawo ta nan in ga abin da ya hana ka barci."

Da Don Ovidio ya yi tunani da bai yi ba. Amma shekara arba'in hannunsa yana amsa wannan kiran ba tare da ya nemi izinin kai ba, ga shi kwana takwas yana jiran ranar. Ya zare farar, ya juya mariƙin, ya miƙa. Adelso ya karɓa, ya jinjina, ya kanne ido ɗaya ya auna rufin kwano.

"Ta yi," in ji shi. "Wallahi ta yi."

Sai a lokacin suka lura rumfar ta yi shiru. Wani likita mai gajeren wando ya ja da baya har ya taka jakar wani. Teburin mai rawayan fenti yana can, taku goma sha biyar daga inda suke, ba kowa a wurin. Dinora kuma tana tsaye a bakin rumfa da takardar sunaye a hannu, kuma ta gani.

"Mayar da ita, Don," wani ya raɗa masa. "Maza mayar."

Ya karɓa ya mayar, hannunsa yana neman bakin kube kamar na makaho.

"Ba komai a ciki fa," in ji wani dattijo daga Jutiapa, yana duban Dinora. "Baƙo ne, yau ya fara. Kuma ai babanki ne, 'yata. Mutumin birnin bai gani ba, mu ma ba mu gani ba."

"Me aka yi?" in ji Adelso. "Wani ya mutu ne?"

Dinora ta dubi ubanta. Fuskarta ta yi fari. Ta waiga can inda Injiniya yake durƙushe ya ba su baya, sannan ta sauke ido kan takardarta, ta fara kiran sunayen rukunin farko. Muryar da ta cika fili ɗazu yanzu da ƙyar take kaiwa ƙarshen rumfa.

Don Ovidio ya sauke ajiyar zuciya. An rufa masa asiri. Zai shiga, zai danna sakatarsa, zai nuna musu. Har ya fara gyara malafa sai idonsa ya faɗa kan Maynor, wani mai sayar da taya a Teculután, wanda ɗazu a layin rajista yake ba kowa labarin yadda Dinora ta kore shi bara don kawai ya ɗaga bindiga ya gyara kube. Maynor ya harɗe hannu a ƙirji yana murmushi, yana zungurar na kusa da shi da gwiwar hannu. Murmushin ya wuce daga wannan fuska zuwa waccan.

Don Ovidio ya san wannan murmushin, don shi ma gwaninsa ne. Kafin la'asar labari zai kai Chiquimula cewa dokar alƙaliya tana da uba. Injiniya zai iya sa mata hannu a takarda, amma mutanen nan ba za su sake yin tsit in ta hau benci ba. Abin da ta yi shekara goma sha biyu tana ginawa ba tare da shi ba, ga shi tana zubarwa a gabansa don kada ta kunyata shi, shi da bai taɓa jin nauyin kunyata ta ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya taka zuwa gabanta, da ɗingishinsa.

"Alƙaliya."

"Baba, ku koma layi," ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba.

"Na zare bindiga a rumfa." Ya faɗa da muryar da yake kiran shanu daga tsallaken kogi, har Injiniya ya miƙe tsaye ya juyo. "Na zare, na miƙa wa wancan ƙaton, ya auna sama da ita. Kowa ya gani. Ɗazu na ji kin karanta doka da kunnena. Ko ta iyayen wasu ce ban da naki?"

"Haba kompadre, wace irin doka ce za ta hana mutum..."

"Rufe mana baki, Adelso."

Dinora ta ɗago. Idonta ya kawo ruwa, ya ji tsoron kada ta kasa. Sai ta ja numfashi ta miƙe sosai.

"Ovidio Aldana," ta ce, kuma muryar ta dawo, "kun taɓa bindiga a wajen tebur ba da umarni ba. An kore ku daga gasar yau. Ku bi ni tebur ku sa ta a jaka."

"To," in ji shi.

Injiniya ya iso yana haki, ya tambayi abin da ya faru, aka gaya masa, ya rubuta. Ya tambaya ko dangantaka ce ta sa sunan ya zo ɗaya. Dattijon Jutiapa ya ce uba ne da 'ya. Injiniya ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ƙara rubuta wani abu. Maynor kuwa ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

A teburin rawaya Don Ovidio ya kwance kuben gaba ɗaya, ya sa farar a jaka ya ja zif. Mako biyar na ruwan ido, mako goma na jiran takarda, kanta a babban yatsa, kuma ko sau ɗaya bai danna sakatar a filin ba. Ƙugunsa dai ya gode masa nan take.

"Kuna iya tafiya gida, Baba," in ji Dinora, tana kallon jakar. "Ba wanda zai ce komai."

"Waɗanda aka kora, me suke yi in ba su tafi ba?"

"Liƙe ramuka. In mutum ya gama harbi an ƙirga, sai a bi kwalayen da tef a toshe, na gaba ya samu sabo. Aikin rana ne, kuma sai an yi ta sunkuyo."

"Ina tef ɗin?"

Ya kulle jakar a mota ya dawo. Adelso ya yi fushi ya koma rumfa yana gaya wa likitoci cewa a zamaninsu ba haka ake yi ba. Aka ba Don Ovidio naɗin tef mai ruwan ƙasa, ya zura shi a wuyan hannu ya tsaya a bayan layi.

Maynor aka fara kira. Dinora ta tsaya a bayan kafaɗarsa da agogo a hannu, ta ba shi umarni ya ɗura, ta tambaye shi ko ya shirya. Agogo ya yi ƙara, mutumin ya zabura, ita kuma tana biye da shi taku da taku, idonta a kan hannunsa, ba ta ko kallon inda take sa ƙafa. Da ya gama ta sa ya nuna mata bindiga fanko, ya mayar kube, sannan ta ce fili ya buɗe. Ta bi kwalayen tana faɗin maki da ƙarfi, Maynor yana biye da ita yana cewa "To, alƙaliya," kamar ɗan makaranta.

Don Ovidio ya shiga da tef ɗinsa. Ya sunkuya a gaban kwalin farko, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya yago guntu yana neman ramin. Dinora ta zo wucewa za ta koma layi. Ba ta tsaya ba, ta dai ɗora tafin hannunta a tsakiyar bayansa, a kan rigar da ta jiƙe da gumi, ta ɗan danna, sannan ta wuce tana kiran na gaba.

Rabon da ta taɓa shi tun tana yarinya. Daɗi da baƙin ciki suka taso masa lokaci ɗaya, idonsa ya cika da ruwa. Ya liƙa tef ɗin, ya kauce wa ramin, ya yago wani ya sake liƙawa, don kwalin ya daina ganuwa sosai.